Ka Biya Inshora, Ka Kuma Biya Kuɗin Gyara?

Wanda ya san Maiduguri kafin shekarar 2011 ya san garin babur ne. Daga Bulumkutu zuwa Kwastam, daga Gwange zuwa Hanyar Baga, ɗan acaɓa ne ke ɗauke da malamin makaranta da mai cefane da ɗalibin jami'a. A watan Yuli na waccan shekara Gwamnatin Jihar Borno, a zamanin Gwamna Kashim Shettima, ta hana hawan babur a cikin birnin da Ƙaramar Hukumar Jere, saboda 'yan bindiga sun mai da shi abin kai hari su ɓace cikin lungu. Babur ya kau, ɗan'uwansa mai ƙafa uku ya gaje shi, watau keke napep, wanda Kanawa ke kira a-daidaita-sahu. Injinsa irin na babur ne, kansa na babur ne, da yawa daga masu tuƙa shi tsofaffin 'yan acaɓa ne ko ƙannensu, haɗarinsa kuma bai bambanta da na babur ba: gogayya a cikin cunkoso, karo a mararraba, fashewar fitila, lanƙwashewar ƙarfe. Saboda haka maganar da za mu yi a wannan mako ta shafi mai keke a Maiduguri, ta kuma shafi mai babur a duk garin da har yanzu ake hawansa.

Tambayar ita ce: in ƙaramin haɗari ya auku, ba a rasa rai ba, ba a ga jini ba, shin mutum ya kai maganar ga kamfanin da ya yanka masa inshora, ko kuwa ya sa hannu cikin aljihu a kashe wutar nan take? Kowa ya san yadda aka saba yi. Keke ya gogi mota a wajen Fas Ofis, ko a ƙofar Kasuwar Monde inda ababen hawa ke take sawun juna. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, kowa ya zama alƙali. Wani dattijo ya ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Mai mota ya zagaya, ya shafa wurin da fenti ya ɓare, ya faɗi kuɗi. A yi ta ciniki kamar ana sayen akuya, daga ƙarshe a rankaya wurin mai gyara, mai keke ya biya, a yi musafaha, a ce Allah ya kiyaye gaba. A cikin taron nan duka ba za ka ji wanda ya ambaci inshora ba, alhali kuwa takardarta tana nan naɗe cikin leda a ƙarƙashin kujerar direba, tare da lasin da sauran takardu, ana ajiye da ita don ranar da ɗan sanda zai ɗaga hannu.

Ni dai ban ƙi sulhu ba. Garin da mutane ke iya kashe rigima a bakin titi cikin rabin sa'a ya fi garin da kowace ƙura sai an kai ta gaban alƙali. Amma akwai sulhun da riba ne ga mai keke, akwai kuma wanda hasara ce tsagwaronta, ba kuwa yadda za a rarrabe su sai an san abin da takardar nan ta cikin leda ta ƙunsa.

Tilasta wa masu ababen hawa yin inshora ba sabon abu ba ne. A Ingila aka kafa irin wannan doka a 1930, Turawan mulki suka yi mana tamu a 1945, ta fara aiki a 1950. Manufarta tun fil'azal ita ce kare wanda aka buge, don kada haƙƙinsa ya salwanta in wanda ya buge shi ba shi da abin biya. Shi ya sa direbobi ke kiranta tad fati, watau mutum na uku, bayan kai da kamfani. Mu kira ta ƙaramar inshora. Dokar Inshora ta 2003 ta ce abin da inshorar za ta ɗauka na ɓarnar dukiya kada ya gaza naira miliyan 1. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar da sabon farashi wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023: motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, za a biya ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, keke mai ƙafa uku naira 5,000, ɓarna har naira miliyan 2, babur naira 3,000, ɓarna har naira miliyan 1. Daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta ce ta fara binciken takardar a kan hanyoyin ƙasa baki ɗaya. A watan Agusta na 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar inshora wadda ta haɗe tsofaffin dokokin nan wuri guda, tilascin kuwa yana nan daram.

To, a nan ne amsa ta farko take. Wanda ke riƙe da ƙaramar inshora, in kekensa ko babur ɗinsa ne ya lalace, kuma shi ne da laifi, ko kuwa shi kaɗai ya faɗi cikin rami, babu wata shawara da zai yanke, domin kamfani ba ya binsa ko anini, shi ma ba ya bin kamfani. Fitilarsa, madubinsa, rumfarsa, karayar ƙafarsa shi kansa, duk ba su cikin yarjejeniya. Mutanen Maiduguri sun ga haka da idonsu a ambaliyar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni, kekuna da motoci suka kwana cikin laka. Ƙaramar inshora ba ta biyan irin wannan. Mutane da yawa da ke cewa inshora cuta ce, in ka bincika, sun je neman abin da ba su saya ba ne. Laifin kuwa ba nasu ba ne su kaɗai, domin wanda ya sayar musu da takardar bai tsaya ya yi musu bayani da harshen da suke ji ba.

Wadda ke biyan ɓarnar abin hawan mutum shi kansa ita ce cikakkiyar inshora, kuma tana da tsada. Umarnin hukumar na 2022 ya ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan. A ce an yi wa keke kuɗi naira miliyan 3, to kuɗin shekara ba zai gaza naira 150,000 ba. Wannan ya sa ba ka cika ganinta ba sai a hannun kamfanoni, da ma'aikatu, da masu ba da kekuna bashi waɗanda ke tsoron dukiyarsu. Mai irin wannan takarda shi ne ya kamata ya zauna da alƙalami kafin ya nemi diyya a kan ƙaramar ɓarna.

Lissafin kuwa ba wuya gare shi. A cikin takardar akan rubuta wani kaso na farko wanda mai abu zai ɗauka da kansa a duk haɗari, kamfani ya biya abin da ya hau. A ce gyara ya kama naira 40,000, kason nan kuwa naira 25,000 ne. Abin da zai fito daga kamfani naira 15,000 ke nan. Ban da wannan, kamfanoni kan yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba rangwame in ya zo sabuntawa, rangwamen kuma yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Ranar da ya nema, ya zubar da shi ko wani sashe nasa. In an sa sabon kaya a gurbin tsoho, mai yiwuwa a ce ya kawo wani abu, tun da kekensa ya fi yadda yake a da. Sa'an nan ga babbar hasarar da ba a rubuta ta a takarda: ba a taɓa abin hawan sai wakilin kamfani ya zo ya duba, ya yarda da ƙiyasin bakanike. Ma'aikacin ofis yana iya ajiye motarsa mako guda ya hau tasi. Mai keke kuwa kowace rana da kekensa ya yi a tsaye, ranar ba cefane, ga balas ɗin mai keke yana taruwa. A irin wannan hali kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Ya kai wa bakanike, a buga, a fesa, gobe ya koma titi.

Har zuwa nan al'adarmu ta bakin titi ta yi daidai. Inda muke cutar kanmu shi ne ɗaya ɓangaren, watau sa'ad da mai keke ya ɓata dukiyar wani. Motocin zamani ba irin Fijo da Bitil na da ba ne, waɗanda bakanike zai daddaka da guduma su miƙe. Fitila guda ta wata motar ta fi abin da mai keke ke samu a wata. In ya fasa ta, sai ka ga an tsare kekensa, an kira mai keken, an kira dattawan unguwa, an yanka masa abin da zai biya. Ya sayar da tumakin matarsa, ya ci adashin da bai kai kansa ba, ya yi wata uku yana biyan bashi. Duk wannan yana faruwa alhali ya riga ya ba wani kamfani naira 5,000 a kan alkawarin cewa in ya ɓata dukiyar wani, kamfanin zai biya har naira miliyan 2. Ya biya sau biyu ke nan: ya biya wanda ya yi alkawari, ya kuma cika alkawarin da kansa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Mu kuwa mukan ba da ladan, mu karɓi askar mu yi da kanmu, har mu yi godiya.

Akwai wani tsoro da ake ji daga bakin waɗanda suka zauna ƙasashen waje, wai in ka nemi diyya za a ƙara maka kuɗi baɗi. A Ingila haka abin yake, domin can kowane direba da farashinsa, gwargwadon shekarunsa da unguwarsa da tarihin tuƙinsa, har mutum kan gwammace ya biya ƙaramin gyara da kansa don kada sunansa ya ɓaci a littafin kamfani. A nan ƙasar kuɗin ƙaramar inshora hukuma ce ta yanke shi, ɗaya ne ga wanda bai taɓa gogar ko kaza ba da wanda ya fasa fitila jiya. Mai ƙaramar inshora ba shi da wani rangwame da zai yi ɓari. Abin da zai auna kawai shi ne girman ɓarnar da wahalar bin takardu. In abin na naira dubu biyar ne ko goma, a yi sulhu, ba wanda zai zarge shi. In ya kai abin da zai taɓa abincin gidansa, to bai kamata ya sa hannu cikin aljihu ba kafin ya ji ta bakin kamfani.

Amma fa duk abin da na faɗa a kan ƙarfe ne da gilashi. Da zarar jikin mutum ya taɓu, ko yaya, lissafi ya sake. Kalmar nan ta ƙaramin haɗari tana da yaudara, domin a bakin titi ake raɗa wa haɗari suna, alhali girmansa na gaskiya wani lokaci ba ya bayyana sai bayan kwanaki. A ce keke ya ture wata tsohuwa a Hanyar Bama, ta faɗi, kanta ya bugi kwalta. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta, kunya da tawakkali suka sa ta ce ba komai, Allah ya tsare. Aka ba ta na Panadol, aka watse. Likitoci sun san jini kan taru a cikin kai sannu a hankali, musamman ga tsofaffi, mutum yana tafiya yana magana, sai bayan kwana biyu ko fiye ya fara amai da ruɗewa. Ranar da aka kwantar da ita a Asibitin Koyarwa, 'ya'yanta za su nemo mai keken nan, ga lambarsa a jikin keke. Iyakar miliyan 2 da aka ambata ta ɓarnar dukiya ce, ba ita ake auna rauni ko rai da ita ba, kuma rauni da rai su ne ainihin dalilin da aka kafa dokar tun 1945. Amma in a sa'an nan ne mai keke ya tuna da kamfani, kamfani zai tambaye shi ina rahoton 'yan sanda, ina shaidu, me ya hana shi sanarwa a kan kari kamar yadda takardarsa ta shar'anta. Jinkirin nan kaɗai ya isa ya zama abin da za a fake da shi a ja shi a ƙasa. Garin gudun wahalar yini guda ya jawo wa kansa ta shekara.

Don haka ya kamata a bambanta abu biyu da mutanenmu ke haɗawa: sanar da kamfani, da neman diyya daga kamfani. Sanarwa ba ta cin komai. Mutum ya buga waya, ya bi da rubutu, ya ce rana kaza a wuri kaza abu kaza ya faru, ga lambar ɗaya motar, ga hotuna, ina sanar da ku ne kurum. Yau kusan kowa da kyamara a aljihunsa, in shi ba shi da ita, wani a cikin taron yana da ita. In maganar ta mutu a nan, shi ke nan. In ta taso bayan mako biyu, ya riga ya buɗe wa kansa ƙofa. A ganina duk haɗarin da ya shafi wani mutum, ko dukiyarsa ko jikinsa, a sanar. Neman diyya shi ne abin da za a yi wa lissafi.

Akwai wani sharaɗi a cikin takardun inshora da ke karo da tarbiyyarmu, kuma gara a faɗe shi a fili. Sharaɗin ya ce kada mai takarda ya amsa alhaki, ko ya yi tayin biya, ko ya yi alkawarin kuɗi, ba da yardar kamfani ba. Mu kuwa an koya mana in ka yi laifi ka ce na yi, ka ba da haƙuri. Ɗan kirki ba ya tsayawa a kan wanda ya ture yana cewa sai lauya ya zo. Na yi ta juya wannan a raina, abin da na gani shi ne, sharaɗin bai hana mutum ɗaga wanda ya faɗi ba, bai hana a kai shi asibiti ba, bai hana sannu da jaje ba, bai kuma ce a yi wa ɗan sanda ƙarya ba. Abin da ya hana shi ne ka yanke kuɗi a madadin wanda zai biya, ka sa hannu a takarda a gaban shaidu, sa'an nan ka kai masa ka ce ga abin da na ɗaukar maka. Wannan ko a cinikin kasuwa ba a yi. Dillalin da ya sallama kaya ba da izinin mai kaya ba, shi ke cika giɓi. Mai keke yana iya cewa, "Alhaji, ka yi haƙuri, ina da inshora, ga takardata, mu sanar da su su zo su gani." Ba rashin kunya a cikin wannan.

In kuwa mai keke ne aka buge, to haƙƙinsa yana kan inshorar wanda ya buge shi, ko da shi kansa ƙaramar takarda gare shi. Wannan ma mutane kaɗan suka sani. Sau da yawa mai babbar mota kan sauko da faɗa, ya jefa wa yaro abin da bai kai rabin gyara ba, ya ja motarsa, yaron kuwa ya ɗauka ya yi sa'a. Abin da ya kamata ya riƙe shi ne lambar motar. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai na takardun ababen hawa, wanda ake bincikawa da kowace irin waya ta hanyar danna *565*11# a sa lambar abin hawa. Zai nuna ko akwai inshora mai rai a kanta.

Ina ba kowane mai karatu shawara ya fara gwada lambar nan a kan abin hawansa shi kansa, tun yau, ba sai ranar haɗari ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Dalili kuwa shi ne takardun jabu. An daɗe ana kuka da 'yan kamasho masu tsayawa a bakin ofisoshin lasin, su haɗa wa mutum takardu duka a dunƙule, har da wata mai tambari da sunan kamfanin da ko babu shi, ko kuwa bai san da zamanta ba. Takardar takan wuce a shingen da ba a bincike sosai, shi ya sa mai ita ke zaton ta gaske ce. Ranar biya ne zai gane ya sayi iska. Wanda aka ce masa ga ta a kan rabin kuɗin da hukuma ta yanke, ya san akwai lauje cikin naɗi.

Kada kamfanoni su ɗauka na wanke su. Shirun da talaka ke yi riba ce gare su, kuma ba su nuna suna ƙin ribar ba. Takardunsu da Turanci suke, Turancin ma na lauyoyi, da ƙananan baƙaƙe waɗanda ko mai digiri sai ya sa tabarau. A gari kamar Maiduguri, inda Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa ke tafiyar da kasuwa, me zai hana a buga sharuɗɗan nan a shafi guda da harshen mutane, da boko da ajami? Manyan ofisoshinsu suna Legas da Abuja, wakilin da ke kusa kuwa sau da yawa ikonsa na karɓa ne, na biya sai an aika sama. A nemi fom, a nemi ƙiyasin gyara, a nemi lasin, a nemi rahoton 'yan sanda, wanda samunsa kansa yini ne ko fiye. Dokar 2003, kafin a maye gurbinta a 2025, ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan an daidaita a kan diyya. Kwana 90 ga mai ci da guminsa na yau kusan daidai yake da a ce masa ba za a biya ba. Hukumar NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke a kan kamfanin da ya ƙi biya, amma mai keke nawa ne a Gamboru ya taɓa jin labarinsa?

Wasu kuma ba wahala ce ke hana su nema ba, shakka ce ta addini. Sukan ce mun yanki takardar ne don doka ta tilasta, amma cin kuɗinta ba mu natsu da shi ba. Wannan magana tana da tushe, domin Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka saba tana da garari mai ɓata ciniki, ta kuma halatta ta taimakekeniya. Fatawa ta malamai ce, ba ta mai wannan fili ba. Abin da zan iya faɗa shi ne mafita ta samu. A Sudan aka kafa kamfanin takaful na farko a 1979, a nan Nijeriya hukuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasin daga baya, kuma suna yanka takardar ababen hawa da doka ta yarda da ita. A tsarin takaful kuɗin da aka zuba gudummawa ce cikin asusun jama'a, a biya wanda masifa ta faɗa wa, in an sami rara a raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba a shekarar. Mai irin wannan takarda yana da ƙarin dalili na barin ƙaramar ɓarna ta wuce, tun da asusun nasa ne da 'yan'uwansa. Haka kuma ba shi da hujjar barin haƙƙin wanda ya raunata ya faɗi don ƙyamar kuɗin. Asalin taruwar dangi su biya diyyar kuskuren ɗayansu sananne ne a shari'a.

Saura magana guda wadda ta fi shafar kekunan haya. Da yawa daga masu tuƙi ba su ne masu keken ba. Wani na kai balas kullum, wani na biya sannu-sannu har keken ya zama nasa. Takardar inshora da sunan mai keke take, shi ne kamfani ya sani, amma in haɗari ya auku yaron da ke tuƙi ake ɗora wa biya, wani lokaci ma shi da kansa ke ɓoye maganar don tsoron kada a karɓe makulli. Mai keke da ya bar yaronsa ya ci bashi a kan abin da kamfani ya kamata ya biya bai kyauta ba. Ya kuma kamata ya san cewa in ya ba wanda ba shi da lasin tuƙi, ko ya yanki takardar amfanin gida ya sa keken haya, ya ba kamfani hujja a kansa da hannunsa. Ranar da ake ƙulla yarjejeniyar balas ita ce ranar da ya dace a fito da takardar a karanta, a ba yaro hotonta da lambar wayar kamfani, a kuma faɗa a gaban shaidu wa zai ɗauki me.

Ƙungiyoyin masu kekuna da babura suna karɓar kuɗin tikiti daga 'ya'yansu kowace safiya, kuma su ne kan fara zuwa ofishin 'yan sanda in an kama ɗansu. Su ke da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi. Kowane reshe, daga Tashar Bama zuwa Tashar Baga, yana iya ajiye malami guda mai ilimi wanda aikinsa ke nan: ya bincika takardar kowane sabon shiga ko ta gaske ce, ya ajiye fom ɗin sanarwa a cikin durowa, ya riƙe littafin da za a rubuta ranar da aka kai kowace buƙata da ranar da aka biya. In reshe mai mutum ɗari biyar ya yanki inshorarsa a wuri guda, kamfanin da ya ja ƙafa a kan fitila ɗaya ya san takarda ɗari biyar zai rasa a ƙarshen shekara, littafin kuma shi za a ɗauka a kai wa NAICOM.